Baturen da ya mayar da kifi ruwa

 

Kwanakin baya wani abokina da ke karatu a birnin Nottingham na ƙasar Ingila ya turo mini wani ɗan bidiyo. Ya fita miƙe ƙafa ne a bakin kogin Trent, sai ya tarar da wani dattijon Bature yana fama da fatsa, sandar ta lanƙwashe kamar za ta karye. Bayan an sha dambe kifi ya fito, santalele, kalar tagulla, tsawonsa ya kusa kai hannun babban mutum daga kafaɗa zuwa yatsu. Dattijon ya bar shi cikin koma a gefen ruwa ya huta tukuna, sannan ya kwantar da shi a kan wata 'yar katifa jiƙaƙƙiya, ya zare ƙugiya, ya auna shi a sikeli, ya ɗauki hoto. Daga nan ya shiga ruwa har gwiwa, ya tallafe kifin da hannu biyu, kansa na fuskantar inda ruwa ke tahowa, ya yi ta jira har kifin ya fara buga wutsiya da ƙarfi. Sai ya buɗe hannu.

A daidai nan ake jin muryar abokina da Hausa yana cewa, "Haba Baba, miyar sati guda fa ka saki!"

Na nuna bidiyon a majalisarmu bayan sallar Isha'i, aka yi ta dariya. Wani ya ce ƙoshi ne kawai, wani ya ce rashin aikin yi ne, wani kuma ya ce da a bakin kogin garinsu aka yi haka, yara za su bi kifin da iyo kafin ya yi nisa. Ni ma na yi dariyar. Amma abin ya tsaya mini a rai, na kwana biyu ina ƙona data a kansa, kuma abin da na ci karo da shi ya sa na ga ya cancanci a kawo shi nan. Ra'ayina a taƙaice: ban yarda da wasan da dattijon nan yake yi ba, amma kogin da yake zaune a bakinsa ya fi namu gata, kuma irinsa ne suka samar masa da gatan.

Bari mu fara da kifin. Turawan Ingila suna kiransa barbel, sunan da ya samo asali daga kalmar Latin mai nufin gemu, saboda wasu 'yan silili huɗu da ke kewaye da bakinsa. Zan riƙa kiransa mai gemu don sauƙi. Kada gemun ya ruɗe ku ku ɗauka tarwaɗa ce. Wannan yana da ɓawo a jiki, kuma dangin su kifin kaf ne. (Wani abin ban dariya, a Afirka ta Kudu tarwaɗarmu ce suke kira da wannan suna, don haka idan ka nema a intanet za ka iya ganin hoton tsohuwar ƙawarmu ta farfesu.) Mai gemu kifin ƙasan ruwa ne, bakinsa a ƙasa yake, yana lalube cikin tsakuwa da gemun nan yana neman tsutsa da 'yan ƙwarin ruwa. Ruwa mai gudu yake so, mai tsabta, mai wadatar iska. Tsakanin watan Mayu da Yuli yake zuba ƙwai a wurare marasa zurfi masu tsakuwa, kuma macen kan ɗauki shekara biyar ko fiye kafin ta fara. Idan laka ta toshe tsakuwar nan, ƙwan ya shaƙe ke nan. Shi ya sa duk kogin da ka ga mai gemu yana hayayyafa a cikinsa, to kogin yana da sauran lafiya.

Babba a cikinsu bai kai ko ƙafar giwan ruwanmu ba. Wanda ya daɗe yana riƙe da kambun Birtaniya an kama shi ne a 2006 a wani wuri da ake kira Adams Mill a kogin Great Ouse, nauyinsa kilo tara da rabi da 'yan kai. Abin da ke jan mutane gare shi ƙarfinsa ne. Da zarar ya ji ƙugiya sai ya nutsa ƙasa ya bi igiyar ruwa, ba ya saduda sai ƙarfinsa ya ƙare ƙaf. Abin da suke sa masa a ƙugiya kuwa har da naman gwangwani, da tsutsa, da dunƙulen abincin kifi, sannan su watsa dafaffen irin wiwi, wanda ba ya bugarwa, don ya jawo shi wurin.

Su kansu Turawan ba su ɗauke shi abinci ba. Namansa cike yake da ƙananan ƙayoyi, ƙwansa kuma guba ne, yana sa amai da gudawa. Tun a wani littafin fatsa da aka buga a Ingila a 1496 aka yi gargaɗi game da cin wannan kifi. To ka ga miyar satin da abokina yake wa kuka, da ma ba wata miyar kirki ba ce.

Maganar ƙoshi kuma tana da gaskiya, amma rabi. A Ingila kifayen ruwan daɗi kashi biyu ne a al'adance. Akwai su salmon da trout, na masu kuɗi da masu filaye, akwai kuma sauran tarkacen da aka bar wa talakawa, kuma mai gemu a cikin tarkacen yake. Waɗanda suka raya wannan fatsa a ƙarni na 19 leburorin masana'antu ne na garuruwa irin su Sheffield da Nottingham da Landan, mutanen da ke yin kwana shida cikin hayaƙi, ranar Lahadi su hau jirgin ƙasa su tafi bakin kogi. Da suka ga kifi yana ƙarewa saboda ana kwashe shi yana ɗauke da ƙwai, ƙungiyoyinsu ne suka matsa lamba, ɗan majalisa mai wakiltar Sheffield, Anthony Mundella, ya kai maganar majalisa, aka yi doka a 1878 ta rufe kamun irin waɗannan kifaye daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni. Yau shekara kusan 150 ke nan, kuma har yanzu waɗannan ranaku ne a kogunan Ingila. An ɗage dokar a yawancin tafkuna a 1995, amma da hukumar kula da muhalli ta sake duba batun koguna a 2019, sai ta bar ta yadda take. Daren 15 ga Yuni akwai masu zuwa su zauna a bakin ruwa da tocila suna duban agogo, sai sha biyun dare ta buga su jefa fatsa.

Wannan ne wuri na farko da na daina dariya. Leburan da ba shi da komai sai hutun kwana ɗaya a mako, shi ne ya nemi a hana shi kansa abin da yake so na wata uku a kowace shekara.

Kafin in ci gaba da yabo, bari in faɗi inda na rabu da su, don kada a ce an ba ni shayi a Landan. Mu da muka zauna gaban malam muka karanta Risala mun san an karhanta farauta don wasa kawai. Ka soka wa mai rai ƙarfe a baki, ka ja shi har ya galabaita, ka fito da shi inda ba ya iya numfashi, duk don hoto da lamba a sikeli, wannan zuciyata ba ta karɓe shi ba, komai laushin katifar da aka kwantar da shi a kai. Manyan kifayen har suna ake raɗa musu, don an kama su sau da yawa an gane su da tabon jikinsu. Wato kifi ɗaya ya sha wannan wahala a hannun mutane daban-daban shekara da shekaru. Kuma mai gemu, saboda taurin kansa, yana fitowa ne ba sauran ƙarfi a jikinsa. Idan aka sake shi da gaggawa sai ya kife, ruwa ya tafi da shi ya mutu a gaba inda ba wanda ya gani. Shi ya sa dattijon ya tsaya riƙe da shi. A lokacin zafi, da iska ke raguwa cikin ruwa, ko an riƙe shi ma yana iya mutuwa, har ta kai ƙungiyoyi da dama sun dakatar da kamun sa a tsananin zafin 2018 da na 2022.

Kada kuma a ɗauka mu kaɗai ke ganin haka. A cikin Turai ma ba a haɗu a kan maganar ba. Suwizalan ta haramta yin fatsa da niyyar sakin kifin tun daga farko. A Jamus dokar kare dabbobi ta hana cutar da dabba ba tare da dalili mai ma'ana ba, kuma a wurinsu kamawa don ci dalili ne, kamawa don hoto kuwa yana iya kai mutum gaban alƙali. To ka ga Bajamushe ya fi kusa da mutanen majalisarmu a kan Baturen Ingila. Shi kuma na Ingila dokarsa ta juya: ba a yarda ka tafi gida da mai gemu daga kogi ba idan ya wuce santimita 20. Babban dole ka mayar.

To me ya rage na yabo? Abin da ya rage shi ne wannan mutum yana ganin kogin nasa ne, kuma doka ta yarda nasa ne.

Duk wanda ya kai shekara 13 sai da lasisi zai jefa fatsa a Ingila, wanda aka kama ba shi da shi tarar na iya kai fam 2,500. Kuɗin lasisin yana komawa ga aikin kifi, har da wata gonar kifi ta hukumar muhalli a Calverton, kusa da Nottingham ɗin da abokina yake, inda ake ƙyanƙyasar mai gemu da wasu kifaye ana zubawa a kogunan da suka yi asara. Amma lasisin izinin riƙe fatsa ne kawai. Haƙƙin kamun kifi a yawancin yankunan kogi dukiya ce mai mai ita, ana sayar da ita, ana ba da haya. Ƙungiyoyin masu fatsa suna tara kuɗin shekara daga membobinsu su karɓi hayar bakin kogi, wani mil ɗaya, wani mil goma. Da farko na ga wannan a matsayin rowa irin tasu, a ce ruwan Allah ma sai an yi masa shinge. Daga baya na gane abin da ke ƙarƙashinsa. Wanda ke da haƙƙi a kan abu, shi ke da bakin shigar da ƙara idan an ɓata shi.

A 1948 wani lauya mai suna John Eastwood ya kafa ƙungiya don wannan aiki kaɗai: masu fatsa su haɗa 'yan kuɗaɗensu, duk wanda ya zuba ƙazanta a kogin da memba ke da haƙƙi a kai, a maka shi kotu. Shari'ar da ta fi shahara ita ce ta kogin Derwent, wanda ke zuba cikin Trent ɗin nan. Wata ƙungiyar masu fatsa ta garin Derby ta yi ƙarar manya uku a lokaci guda: kamfanin British Celanese da ke zuba dagwalon masana'anta, da hukumar birnin Derby da ke sakin ruwan masai, da hukumar lantarki ta ƙasa wadda tasharta ke mayar da ruwa mai zafi cikin kogin. A 1952 kotu ta ba masu fatsa gaskiya, ta umarci a daina, aka ɗaukaka ƙara aka sake tabbatar musu. Ku tsaya ku auna wannan. Mutanen da muke wa dariya don suna zaman banza a bakin ruwa, su ne suka kayar da kamfani da ƙaramar hukuma da hukumar ƙasa a zama ɗaya. Ƙungiyar tana nan har yau da sunan Fish Legal, kuma a 2015 ta sake cin wata shari'ar da ta tilasta wa kamfanonin ruwa masu zaman kansu su riƙa ba jama'a bayanan abin da suke yi wa muhalli idan an tambaya.

Akwai kuma abin da ya fi kotu sauƙi, wato ido. Mai fatsa yana bakin ruwa da asuba, yana can da tsakar dare, yana can ranar da ake ruwan sama ba kowa a waje. Idan ruwa ya canja kala ko kifi ya fara tasowa, yawanci shi ke fara gani ya buga waya. A 'yan shekarun nan ma ƙungiyarsu ta ƙasa ta rarraba wa 'yan sa kai kayan gwajin ruwa, suna auna sinadaran da ke ciki suna tura sakamako.

Ban ce waliyyai ba ne. Asalin mai gemu a Ingila kogunan da ke gangarawa gabas ne, irin su Thames da Trent da na Yorkshire. A 1956 wata jaridar masu fatsa, Angling Times, ta ɗauki nauyin kwaso guda 509 daga kogin Kennet aka zuba a kogin Severn da ke yamma, inda babu shi a da. Ya hayayyafa har Severn ya zama ɗaya daga cikin manyan wuraren kamun sa. A wurinsu nasara ce, amma dai ɗaukar baƙon kifi ne aka jefa wa 'yan gida don jin daɗin mutum, kuma daga baya wasu sun yi ta yin irin haka a ɓoye a wasu kogunan. Darmar da suke maƙalawa a zaren fatsa ta yi ta kashe manyan fararen tsuntsayen ruwan nan masu dogon wuya, har sai da aka haramta yawancinta a 1987. Sannan ga rigimarsu da karen ruwa. Wannan dabba ta kusa ƙarewa a Ingila saboda magungunan ƙwari na gona, aka yi ta fama har ta dawo, zuwa 2011 an same ta a kowane lardi. Da ta dawo ta fara cin manyan kifaye, ita aka ɗora wa laifin ƙarewar ƙattin Adams Mill, sai ga wasu masu fatsa suna neman a rage ta. Wato karen ruwan da ke kamawa don ya ci shi ne mai laifi, mai kamawa don hoto shi ne mai haƙƙi. Nan kam na sake yin dariya.

Kuma duk da kotu da lasisi da ido, kogunan nasu ba su tsira ba. Alƙaluman hukumar muhalli sun nuna cewa a 2023 kamfanonin ruwa sun saki ruwan masai cikin koguna da teku na tsawon awa miliyan 3.6 idan aka haɗa. Kashi 14 cikin 100 kacal na kogunan Ingila ne aka yi wa shaidar cikakkiyar lafiya. Kogin Wye, wanda masu neman mai gemu ke tururuwa zuwa, a 2023 hukuma ta sauke matsayinsa zuwa mai taɓarɓarewa, kuma ana danganta babban kaso na matsalar da kashin miliyoyin kajin gonakin da ke yankin, wanda ruwan sama ke wankowa cikin kogi ya haifar da gansakuka. Bambancin dai shi ne a can an san adadin awannin, an san sunan kamfanin, akwai masu ihu, akwai masu lauya.

A nan ne tunanina ya dawo gida, duk da na so in tsaya a Ingila. Ina yaro na taɓa ganin wani rafi kusa da ƙauyen kakannina da safe ya yi fari fat da kifi, manya da 'yan mitsi-mitsi, duk ciki sama. Wani ne ya zuba gamalin da dare. Abin da na fi tunawa shi ne murna. Mata da yara da kwanuka, har da ni a ciki, muna ta tsinta. Ba wanda ya tambayi wa ya zuba, ba wanda ya yi maganar baɗi, balle maganar abin da muke shirin zubawa a cikinmu. Haka nan kowa ya san masu jan gidan sauro a ruwa, ragar da ko ɗan kifi mai kwana uku ba ya tsallake ta. Kowa a Kano ya san kala da warin da ruwan masana'antun fata ke ba kogin Challawa. An yi rubuce-rubucen digiri a kansa ba adadi, mu ma a poli mun ga masu zuwa ɗibar ruwansa a kwalba don aikin kammala karatu. Masuntan da ke ƙasa da wurin su ne ke asara ta gaske, tasu ta abinci ce ba ta hoto ba, amma ba su da takardar da za su riƙe su ce wannan yanki namu ne, ka ɓata mana, mu haɗu a kotu.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba sai mun aro wannan tunani daga kowa ba. Kafin a haifi Mundella muna da Sarkin Ruwa. A Argungu, bikin da ya samo siffarsa ta yanzu a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016, duk ƙattin giwan ruwan da ake fitowa da su a Matan Fada suna samuwa ne don an hana taɓa wurin a sauran shekara. Mu kan kalli ranar su, mu manta da watannin haƙurin da suka haife ta. Garuruwa da yawa suna da tafkin da ba a shiga sai ranar da Sarkin Ruwa ya buɗe. Wannan shi ne rufe ruwa, kuma shi ne mallakar ruwa a hannun mutanen da ke rayuwa da shi. Abin da ya same shi a wurare da dama shi ne an rage wa sarautar ƙarfi, hukumar da ta karɓi ikon kuma tana can ofis a babban birnin jiha.

Don haka ni ba zan ce wa masuncin Yawuri ko na Nguru ya mayar da kifi ruwa ba, yana da iyali, kuma a ganina nasa kamun ya fi na dattijon Trent halacci nesa ba kusa ba. Abin da nake so a ba shi shi ne abin da dattijon yake da shi a aljihu: ƙungiya mai rajista, da yankin ruwa da doka ta san nasu ne, da watannin rufewa da su da Sarkin Ruwansu suka tsayar gwargwadon lokacin da kifinsu ke ƙwai, da ikon kai mai gamalin ko mai masana'anta gaban alƙali ba sai sun jira wani jami'i ya ga dama ba. Lauyoyin da ke cikin wannan zaure, ina son jin ko dokokin kamun kifi na jihohinmu sun bar ƙofar yin haka.

'Yan uwa na Argungu da Yawuri da Haɗeja da bakin tafkin Chadi, da na Gaya da Diffa a Nijar, ku ma ku faɗa mana a ƙasa: a garinku har yanzu akwai ruwan da ake rufewa? Wa ke rufe shi, wata nawa, kuma me ake yi wa wanda aka kama ya shiga da dare?